Me yasa tauraron littattafan zambon Amurkawa yake zama rago ko maƙetaci?

Tambayar da wata 'yar'uwa marubuciya ta turo min ita ce: "Malam, an bani shawara in karanta littattafan Amurkawa masu zana lalatacciyar duniya don in ƙara gogewa, na ɗauki Catch-22 amma na ajiye a tsakiya. Tauraron matsoraci ne, maƙaryaci, ga bin mata, kuma mutane na mutuwa marubucin yana ba da dariya. Wai me yasa suke haka? Ba koyawa mutane rashin kirki suke ba?"

Toh 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, kuma wallahi naji daɗin tambayar nan don na daɗe ina koyar da waɗannan littattafan kuma kusan duk shekara sai wani ya min irinta. Akwai wani ɗalibi da bazan manta ba, muna tsakiyar darasi ya miƙe tsaye rai a ɓace, littafin a hannunsa ya naɗe shi kamar tabarma, yace Malam wannan mutumin ai ragon maza ne, abokansa na mutuwa shi yana kwance a asibiti yana ƙaryar ciwon hanta, ta yaya za'a ce shine akta? Nace masa zauna, kalmar da ka faɗa ɗin nan, akta, daga nan matsalar ta faro. Mu mun taso da tsarin akta da bos, akta kyakkyawa ne mai gaskiya kuma baya mutuwa, bos mugu ne kuma ƙarshensa sai yaga wulaƙanci. Irin tauraron da kike tambaya a kai, wanda masana adabi ke kira antihiro, baya cikin biyun nan. Shine labarin ke bi, ta idonsa muke ganin komai, amma bashi da kayan jarumta, ba ƙarfin zuciya, ba tsarkin hali, wani lokacin ma ba wayo. Abu mafi kusa da shi a wurinmu shine Gizo, kinsan babu uwar da take fatan ɗanta ya zama Gizo amma duk daren duniya shi yara ke so a basu labarinsa, don ta hanyar kwaɗayinsa da ƙaryarsa ake gane wautar kura da girman kan zaki. Bambancin kawai shine Gizo yakan ci riba ya haye rufin ɗaki, su kuwa waɗannan na Amurka yawanci da ƙyar suke tsira da ransu.

Ita kuma lalatacciyar duniyar, distofiya kenan, kishiyar yutofiya, sunan da Thomas More ya ba wani tsibiri na mafarki a littafinsa na 1516 inda komai ke tafiya daidai. Marubucin distofiya yakan ɗauki wani hali da yake gani a zamaninsa ya ja shi kamar roba har ya kai ƙarshe, ya nuna miki ga inda za'a dire in aka cigaba a haka. In kuma ya haɗa da zambo da habaici, wato ya sa abin ya zama na dariya mai ciwo, toh shine nau'in da muke magana a kai. Mutane da yawa in an ce distofiya sai su kawo Orwell da Huxley, waɗannan 'yan Ingila ne, Atwood kuma 'yar Kanada ce. Na Amurkawa yana da nasa ɗanɗanon daban, a nasu zalunci ba kasafai yake zuwa da takalmin soja a wuya ba, yafi zuwa da fom da za'a cike, da talla, da albashi, da manaja mai murmushi yana ce miki ai don amfaninki ake yi. Kuma wannan ne ya sa dole tauraron ya zama yadda kika gan shi. In zalunci na zaune ne a ofis da kamfani, wa zai iya nuna mana cikinsa in ba ma'aikacin wurin ba? Mai ɗaki shi yasan inda yake masa yoyo. Shi kuwa ma'aikacin nan yana cin albashin wurin, ya ci ladan kuturu, hannunsa ba zai taɓa fitowa fes ba.

Bari mu zauna akan Catch-22 ɗin tunda shi ya ɓata miki rai. Joseph Heller ya fitar da shi a 1961, kuma ba labarin jin-ta-jin-ta ya rubuta ba, shi kansa mai sakin bam ne a jirgin yaƙin Amurka a yaƙin duniya na biyu, yayi sawu 60 na kai hari daga tsibirin Kosika. Tauraronsa Yossarian shima aikinsa kenan, a wani sansani a tsibirin Pianosa kusa da Italiya. Ƙa'ida ita ce in matuƙi da mutanensa sun cika adadin sawun da aka yanka musu sai a maida su gida. Amma kanar ɗinsu, Cathcart, yana son ya zama janar, yana son a buga hotonsa a mujalla, sai ya zama duk lokacin da mutane suka kusa cikawa sai ya ƙara, daga 25 abu ya dinga hawa, 40, 50, 60, har aka kai 80. Shi yana ofis, su ake harbowa. Yossarian yaje wajen likitan sansanin yace a sauke shi daga tashi don ya haukace, likitan ya masa bayanin dokar da ta ba littafin suna: mahaukaci kam ana sauke shi, amma sai in shi ya nema da bakinsa, wanda kuwa ya nemi a sauke shi don tsoron mutuwa ya nuna hankalinsa ƙalau, don haka dole ya cigaba da tashi. Gaba kura baya siyaki. Kin nema an hana ki, baki nema ba babu mai baki.

Toh yanzu ki tambayi kanki, a irin wannan wurin me ake kira jarumta? Jarumi a can shine wanda zai ce to ranka ya daɗe ya hau jirgi sawu na 71 ya mutu, kanar ya samu ƙarin girma, a aika wa uwarsa wasiƙar ta'aziyya wadda dama an riga an buga irinta da yawa suna kawai ake cikewa. Tsarin ya maida jarumta man fetur ɗinsa, da ita yake tafiya. Inda Heller ya bamu jarumi na gaske da ya ba kanar Cathcart abinda yake nema. Shiyasa ya bamu mutumin da abu ɗaya kawai ya sani, shine baya so ya mutu, kuma yana faɗa da bakinsa cewa duk wanda ke son sa shi a inda za'a kashe shi maƙiyinsa ne ko da kakinsu iri ɗaya. Kowa a sansanin yana ce masa mahaukaci, amma kina tafiya a littafin sai ki fara lura cewa duk maganar da ya faɗa gaskiya ce, su masu hankalin ne maganarsu bata da kai.

Akwai wani a littafin da nake ganin yafi kanar ɗin ma ban tsoro, Milo Minderbinder, jami'in da ke kula da abincin sansanin. Yaro ne mai ladabi, baya zagi, yana son Yossarian tsakani da Allah. Daga sayen ƙwai ya kafa kamfani da ya mamaye yankin gaba ɗaya, yana amfani da jiragen yaƙi wajen jigilar kaya, yana cewa kowa yana da kaso a ciki. Kasuwa ta kai shi har ya karɓi kwangila daga Jamusawa, abokan gaba fa, ya sa jiragensa suka yi ruwan bam akan sansaninsu na kansu, aka kashe mutane. Aka tashi za'a hukunta shi sai ya buɗe littafin lissafi ya nuna ribar da aka ci, shikenan magana ta mutu. Kin karanta wannan dole kiyi dariya don abin ya wuce hankali, to amma Heller yana ajiye miki bashin dariyar nan ne zai karɓa daga baya, kuma inda yake karɓa shine wurin da na tabbata baki kai ba tunda kin ajiye a tsakiya.

Tun farkon littafin ana ta ambaton wani yaro Snowden, ana taɓawa ana wucewa, sai kusan ƙarshe ake buɗe abin gaba ɗaya. An harbi jirginsu a sama, Yossarian ya rarrafa baya ya tarar da yaron kwance da rauni a cinya. Ya buɗe akwatin taimakon gaggawa don ya ɗauko allurar kashe zafi, babu, Milo ya kwashe ya kai kasuwa ya bar 'yar takarda a wurin cewa abinda ya amfani kamfani ya amfani ƙasa. Yossarian ya daure, hannunsa na rawa, ya ɗaure cinyar tsaf, har ya fara jin sanyi a ransa cewa yaron zai rayu, shi kuwa yaron ba abinda yake ta maimaitawa sai sanyi yake ji, sanyi yake ji. Sai Yossarian ya hango ɗan jini ta wajen hammata, ya buɗe rigar sulken, kayan cikin yaron suka zubo ƙasa. Ashe duk wannan lokacin raunin da ba shine ba yake ta ɗaurewa. Daga ranar ya cire kakinsa ya ƙi sawa, tsirara ya tsaya a layi aka maƙala masa lambar yabo, tsirara ya hau bishiya yana kallon jana'izar yaron daga nesa. A farko in kin ga wannan tsiraicin zaki ɗauka iskanci ne ko neman ba da dariya, sai kin kai wurin Snowden zaki gane jinin yaron ne ya ɓata kakin kuma ya kasa maida shi jikinsa. Duk sanda na karanta wa ɗalibai wannan wurin aji yakan yi tsit, harda wancan da ya miƙe tsaye.

Kuma ragon nan fa a ƙarshe shi kaɗai ya ƙi cin hanci. Da ya ƙi tashi kwata-kwata sauran sojoji suka fara zuwa a ɓoye suna tambayarsa ya ake ciki, sai manyan suka tsorata suka masa tayi: zamu ƙara maka girma, mu maida ka gida a matsayin gwarzo, sharaɗi ɗaya, ka so mu, in ka koma ka dinga faɗin alherinmu. Ya amsa da farko, Heller bai ɓoye wannan ba, sannan ya dawo ya fasa don ya gane sauran ne zasu cigaba da mutuwa a madadinsa, ya zaɓi guduwa ya nufi Siwidin inda abokinsa Orr ya riga ya tsere a ɗan ƙaramin kwale-kwale. Heller ya sha faɗa cewa hankalinsa yafi kan Amurkar bayan yaƙi, ta zamanin yaƙin Koriya da Sanata McCarthy da ya tashi farautar 'yan kwaminis daga 1950, kuma zaki ga alamar haka a wurin da wani kyaftin ya sa dole sai soja ya sa hannu a takardar rantsuwar biyayya kafin a zuba masa abinci.

Maganar ko ana koyar da rashin kirki, wanda ya amsa ta kai tsaye shine Kurt Vonnegut. Yana ɗan shekara 22 Jamusawa suka kama shi a Disambar 1944, aka kai shi birnin Dresden aka ajiye su a wata mayanka, a ɗakin ajiyar nama na ƙarƙashin ƙasa ya tsira lokacin da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone birnin a Fabrairun 1945, mutum kusan 25,000 suka mutu a ƙididdigar da masana tarihi suka fitar a 2010, kuma su fursunonin aka sa haƙo gawawwaki. Sama da shekara ashirin yana fama ya kasa rubuta abin. A babin farko na Slaughterhouse-Five, wanda ya fito a 1969, ya ba da labarin yadda yaje gidan abokinsa da suka yi yaƙi tare don su tuna baya, matar gidan ta dinga buga ƙofa da kwanuka tana fushi, daga ƙarshe ta fito fili tace ai ku yara ne a lokacin, amma nasan zaka rubuta kamar ku manyan maza ne, a yi fim a sa jaruman fim su fito a matsayinku, yaƙi yayi kyau a ido, gobe a kwashi 'ya'yanmu. Ya mata alƙawarin ba zai yi haka ba. Shiyasa tauraronsa Billy Pilgrim dogo ne siriri mara kuzari, mataimakin faston sojoji da ko bindiga bashi da ita, yana yawo a dusar ƙanƙara da takalmin da bashi da dunduniya. Kuma mutum mafi dattako a littafin, wani malamin makaranta, ya tsira daga gobarar birni guda sannan aka harbe shi don ya ɗauki butar shayi a cikin kango. Kinga ashe cire jarumin ma don tarbiyya aka yi shi, uwa ce ta roƙa.

Dariyar kuma ai mu bai kamata ta zame mana baƙuwa ba. Ki tuna tashe, yara su liƙa gemun auduga su cusa tsumma a ciki su fito suna kwaikwayon wani hali, kowa na dariya harda mai halin, amma ya shiga gida yasan da shi ake. Wa'azi kai tsaye mutum yakan sa garkuwa, dariya kuwa sai ta shige kafin ya ankara. Sannan akwai wani abu da zambo kaɗai ke iyawa, shine bin dokar banza sau da ƙafa har ta tona kanta. Misali likitan nan na Catch-22 yana tsoron jirgi amma yana son alawus ɗin tashi, sai ake rubuta sunansa a takardar jirgi alhali yana ƙasa. Ranar da jirgin ya faɗi sai aka rubuta ya mutu. Mutum gashi tsaye yana magana, ana ce masa ai ka mutu takarda ta nuna, aka tsaida albashinsa da abincinsa, matarsa ta karɓi kuɗin inshora ta tashi daga garin bata bar adireshi ba. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis yasan wannan ba tatsuniya bace zalla.

Sauran zan bi su da ɗan sauri. Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, tauraronsa Montag ɗan kwana-kwana ne amma a duniyarsu aikin 'yan kwana-kwana ƙona littattafai ne, tiyonsu kananzir yake fesawa, kuma shekara goma yana aikin yana jin daɗinsa. Abinda ya karya shi wata tsohuwa ce da ta ƙi fita daga gidanta ta ƙyasta ashana da kanta ta ƙone tare da littattafanta. Wurin da nafi so a lura shine bayanin shugabansa, cewa ba gwamnati ce ta fara ba, mutane ne da kansu suka daina karatu suka koma ga bangon talabijin, kowane ɓangare kuma yana cewa a cire abinda ya ɓata masa rai, gwamnati daga baya ta zo ta sa hannu. Matar Montag tana da bango uku na talabijin tana rigimar a sa mata na huɗu, ta sha ƙwayar barci ta kusa mutuwa da safe bata ma tuna ba, kuma ita ta kai ƙararsa. A The Space Merchants na Pohl da Kornbluth, shima 1953, kamfanoni ne ke da kujeru a majalisar dattawa, tauraron babban mai rubuta talla ne da aka ba aikin ya sa mutane sha'awar ƙaura zuwa duniyar Zahara, wato Venus, wadda ba'a iya rayuwa a cikinta, sai aka sace masa suna aka jefa shi cikin leburori ya fara shan kayan da shi ya tallata, masu sa jaraba, bashi na hawa kansa kullum. Tun kafin waɗannan, Sinclair Lewis ya rubuta It Can't Happen Here a 1935, ɗan siyasa ya yi alƙawarin dala 5,000 ga kowane gida ya ci zaɓe ya zama ɗan kama-karya, tauraron kuwa dattijon editan jarida ne a jihar Vermont mai ilimi mai son zaman lafiya da ya tsaya kallo har ruwa ya ƙare wa ɗan kada, daga baya shi da bakinsa yake ɗora laifin akan irinsa.

Wanda nake jin takaicin ba'a san shi sosai ba shine Black No More na George Schuyler, baƙar fata ɗan jarida, 1931. Wani likita baƙi ya ƙirƙiro hanyar maida baƙar fata fari cikin kwana uku. Max Disher, ɗan inshora a Harlem, unguwar baƙaƙe a birnin New York, wanda wata baturiya ta wulaƙanta a gidan rawa, shi ya fara shiga layi. Ya fito fari ya canza suna ya tafi Atlanta, da ya rasa aikin yi sai ya shiga ƙungiyar masu ƙin baƙaƙe yana musu lacca akan tsarkin jini, ya zama babba a cikinsu, ya auri 'yar shugaban wadda ita ce dai wadda ta wulaƙanta shi. Max ba mutumin kirki bane ko kaɗan, ɗan damfara ne, amma sai ta idon ɗan damfara zaki ga cewa wariyar kasuwa ce, masu masana'antu na amfani da ita don kar leburori su haɗa kai, shugabannin ƙungiyar na tara kuɗin rajista, kuma Schuyler bai bar shugabannin baƙaƙen ba, ya zane su suna kuka don matsalar da suke ci da ita zata ƙare. Can ƙarshe aka gano waɗanda aka maida ɗin sun fi turawan asali haske, sai kowa ya koma neman abin shafawa da zai sa shi duhu. Inda mutumin kirki aka sa a tsakiyar wannan labarin da ya ƙi shiga injin canza fatar tun shafi na goma, mu kuma da bamu ga komai ba.

Amma fa tsoronki yana da tushe, bazan ce miki babu ba. Fight Club na Chuck Palahniuk, 1996, wanda aka yi fim ɗinsa a 1999, shine misalin da ke damuna. Mai ba da labarin ma'aikacin kamfanin motoci ne, aikinsa ya lissafa in mota tana da lahani mai kisa, wanne yafi araha, a janye motocin ko a biya diyyar mamata, in diyya tafi araha sai a bar mutane su cigaba da mutuwa. Rashin barci da kaɗaici suka sa ya ƙirƙiro wani mutum a kansa, Tyler, kyakkyawa mai baki mara tsoro. Littafin yana nuna yadda tawayen Tyler ya rikiɗe ya zama irin abinda ake gudu, mabiyansa an aske musu kai, an cire musu suna, an hana su tambaya. Amma samari da yawa sun tsaya a kyan Tyler da zafin maganarsa suka maida shi gwaninsu, haka ma aka yi da tauraron littafin American Psycho na 1991, wani ma'aikacin bankin zuba jari makashi. A ganina wani ɓangare na laifin na mai karatu ne, wani kuma na marubucin da ya ƙawata mugu fiye da yadda ya nuna ɓarnarsa. Ma'aunin da nake ba ɗalibai shine, ki duba ko littafin ya bari kinga wanda ya biya kuɗin halin tauraron. Heller ya nuna miki Snowden. Inda ba'a nuna kowa ba, an bar ki da sha'awar mugun kawai, toh wannan zambon ya faɗi ko da marubucin yace niyyarsa daban. Kuma shi kansa Catch-22 yana da aibin da bana ɓoyewa, yadda ya zana mata bai yi ba, kusan duk ko karuwai ne ko abin kallo, akwai batsa a wurare, ki shiga da sanin haka. In kina son ganin wadda ta bi wata hanyar ki nemi Parable of the Sower na Octavia Butler, 1993, Amurka ce ta ruguje amma tauraruwar yarinya ce mai gina al'umma, ba zambo bane, kuma karanta su gefe da gefe zai nuna miki abinda kowace hanya ke iya ɗauka.

Tunda ke marubuciya ce, in zaki gwada irin wannan tauraron, ki bashi aiki a cikin abinda kike suka, ya zama yana ci daga ciki, ki bashi abu ɗaya ƙarami da yake so da gaske, ko ransa ne ko kuɗin haya, kar ki sa shi yin jawabi. Dokar duniyar ki sa ta zama mai kama da hankali a bakin masu ita, su faɗe ta da ladabi suna ganin taimako suke. Sannan ki ajiye masa abu ɗaya tak da ba zai iya yi ba ko za'a bashi duniya, kuma kar ki nuna mana shi da wuri.

Shawarata ki fara da Fahrenheit 451 don gajere ne kuma turancinsa baya wahala, sai Slaughterhouse-Five, sannan ki koma Catch-22 daga farko. Abinda ke rikita mutane a cikinsa shine ba'a jere yake ba, babi na gaba zai iya zama watanni kafin na baya, wanda ya mutu sai ki sake ganinsa yana cin abinci. Dabarar ita ce ki bi adadin sawun da kanar ya yanka, shine agogon littafin, duk inda aka ambaci lamba ki rubuta ta da fensir a gefen shafi, in kinga 50 bayan kin wuce 60 kinsan baya aka koma. In kin kai babin da Yossarian ke yawo shi kaɗai da dare a titunan Rum, ki turo min abinda kika gani.